Rahoton Hokin da Na Rubuta a Kan Ciyawa

Har yau ban manta da ranar Lahadin da na kusa korar kaina daga Jidda da hannuna ba. Watana uku ke nan a wani ƙaramin kamfani da ke unguwar Aziziyya, mai wakiltar 'yan wasa. Aikina in duba takardun matashin ɗan wasa, in faɗi ko zai kai ga zama ƙwararre. Ina cikin watannin gwaji, kuma sai mudir, wato manajanmu Abu Faisal, ya gamsu da ni za a sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama.

Ya ba ni fayil biyu na ɗaliban jami'a a Amurka, masu tsaron baya a wasan hoki, duka ƙattai. Ɗaya dogo ne, ɗaya kakkaura. "Yalla, maza, ya Sani, ka zaɓa mana ɗaya."

Na ji daɗi ƙwarai, don na buga hoki a kan ciyawa a sakandare a Zariya. Ko bidiyon da ke haɗe da fayilolin ban buɗe ba, takardun kawai na karanta. Na rubuta cewa dogon yaron kirki ne, bai taɓa ture kowa ba, sai dai sunkuyo kan gajeriyar sanda zai cinye masa baya. Kakkauran kuwa na wanke shi tas. Na ce yana banke mutane da kafaɗa, kullum alƙalin wasa na korarsa ya je ya zauna, kuma da wannan jiki ba zai jure gudu a rana ba. Na rufe da cewa ba shi da tarbiyya.

A wajen taro mudir ya karanta, ya ɗago kai. "Gudu a rana? Wace rana?"

Usman, abokin aikina haifaffen unguwar Bani Malik ta Jidda, ya raɗa mini, "Ya akhi, a kan ƙanƙara suke yi."

Aka kunna bidiyo. Sai ga mutane cikin sulke, da takalma masu wuƙa a ƙasa, suna maka juna da bango, 'yan kallo na tafi. Kunya ta rufe ni, na fara tunanin abin da zan gaya wa maiɗakina idan na sauka Kano.

Mudir ya yi dariya har da hawaye, sannan ya sake bin rahoton layi-layi. Ya ce a wasan nan ƙaton da ba ya amfani da jikinsa ba ya nisa, kuma babu wanda ya lissafo masa halayen kakkauran dalla-dalla kamar ni. "Halas, magana ta ƙare. Marar tarbiyyar nan shi muke so."

An sabunta iƙamar, bisa sharaɗin in je filin ƙanƙara na wani babban kanti in gwada da ƙafafuna. Sau shida na faɗi, Usman na ɗaukar hoto.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da na koya ke nan: kafin ku yanke wa ɗan wasa hukunci, ku fara tambayar a kan me yake tsaye.