Yadda Na Kashe Kawuna a Rediyo

Ni fa ban taɓa niyyar kashe kowa ba. Labari na rubuta a kan wani manomin tattasai a bakin kogin Komadugu, mai faɗa da injin ban-ruwansa kullum, yana zaginsa da Barbarci yana lallashinsa da Hausa. Kawuna ke nan, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina rarrafe, ya kuma tsaya kai da fata sai na yi lakwal, wato karatun boko. Ban sa sunansa ba. Na dai sa haƙorinsa na Makka, da ɗingishinsa, da jar darar da ba ya cirewa ko a tsakiyar bazara.

Wata ƙungiya ce ta shirya gasar gajerun labarai a Diffa, wai don a tallafa wa sababbin marubuta. Tallafin ya zo da taro a wani otel, da burodi da sardin, da wani masani da aka ɗauko daga Yamai. Ya karanta labarina yana dariya har da share hawaye. Da ya gama sai ya gyara fuska.

"Madam, kin iya rubutu. Amma labarin Diffa ne fa. Ina wahalar?"

Na ce, "Injin ba ya tashi, malam."

"Wannan aikin bakanike ne. Alƙalai suna son abin da zai taɓa zuciya. A yi ambaliya. Tsohon ya mutu."

Ji min mutum! Duk wanda ya shiga ɗakin nan da rayayye, da gawa ya fita. Ni ma na koma gida na sako Komadugu ta cinye gonar, na kwantar da tsohon, na yi masa jana'iza ta mutunci. Na zo ta biyu. Wanda ya zo na ɗaya ƙauye guda ya kashe.

Aka ba ni takardar yabo da jaka mai tambarin ƙungiya, aka ce kuma za a karanta labarin a rediyon gari. To, a nan kowa ya san abin da ake kunna rediyo a ji bayan la'asar: wa ya rasu, wa ya haihu, raƙumin wa ya ɓata. Mai karanta sanarwar nan shi aka miƙa wa labarina. Ya gama rasuwar gaskiya ya ɗora da tawa, muryar ba ta canza ba. An ce ya faɗi sunan gasar da farko, amma wa ya ji cikin hayaniyar kasuwa? Haƙorin Makka aka ji, da jar dara. Har "Allah ya jiƙansa" ya ƙara min kyauta.

Washegari kafin hantsi ƙofar gidanmu ta cika. Abokan noman Kawu suka zo daga Geskeru, cike da bayan mota. Maƙwabta suka shimfiɗa tabarmi, mata suka ɗora tukwane. Ni da matarsa muna ta rantsuwa lafiyarsa lau, yana gona wajen tsinkar tattasai, ana ce mana mu yi haƙuri, haka zafin rabuwa yake.

Ana cikin addu'a sai ga jar dara ta kunno kai, tana ɗingishi. Wata tsohuwa ta yar da kwanonta ta yi cikin gida da salati. Kawu ya tsaya, ya dubi tabarmi, ya ce, "Wa ya rasu?"

Ni dai kowa ya juyo yana kallo.

Ya ciyar da baƙinsa, tunda an riga an dafa. Bai zage ni ba, kuma na so a ce ya zage ni. Da safe na durƙusa na ce, "Kawu, ina kwana?" Ya dubi matarsa ya ce, "Gaya mata mamaci ba ya amsa gaisuwa."

Na yi bayani har baki ya bushe, cewa ƙagaggen labari ne. Ya sa aka tambaye ni: in ƙagagge ne, haƙorin na wane ne? Na garzaya buron ƙungiyar, wato ofishinsu, in roƙi a yi gyara a rediyo, aka ce aikin ya ƙare, an rufe. Suka kuma taya ni murna, wai labarina ya yi tasiri ga al'umma.

Kullum sai na durƙusa, kullum sai ya dubi matarsa. Abin ya ci min rai, wallahi. Mutumin da ya goye ni zuwa asibiti, ya zama sai ta bakin wani nake jin yana lafiya. Idan ya samo kifi mai kyau yakan sa a ajiye min kan, don ya san shi nake so, amma maganarsa dai ban samu ba. Nakan ce wa kaina gobe zai amsa.

Bara zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Muka kai sanarwa rediyo, mutumin nan dai ya karanta. Tabarmi suka daɗe a shimfiɗe ba kowa a kai. Can wayata ta yi ƙara, wani tsohon amininsa ne daga Geskeru.

"Ƴata, da gaske ne, ko wata gasar ce?"

Ina kuka na ce, "Da gaske ne, Baba."

Ya ce, "To, ba shi wayar in ji daga bakinsa."