Kwalin Mai Garkar Tanda

Na yi aiki a sashen saƙonni na wani kamfanin motocin fasinja a Gaya, tun ina budurwa har na haifi ɗiyata ta biyu. Mota za ta iso daga Yamai ko Doso, a sauke kwalaye da buhuna a mangaza, ɗakin ajiyar kaya, masu kaya su zo da shaidarsu, in miƙa musu. Wurin zamana wata ƴar taga ce mai sandunan ƙarfe, tana kallon filin da ƴan kabu-kabu ke jiran fasinja. Daga kujerata ina ganin duk abin da ke cikin mangaza, amma makullinta yana aljihun shef, shugaban tasharmu.

Wata shekara aka kawo mana dushet daga Yamai. Ƴar na'ura ce mai kama da kan famfon wanka, da igiya a soke jikin ordinater. In ka latsa sai ta fitar da jan haske, ta karanta baƙaƙen layukan nan da ake mannawa a jikin kowane kwali, ta yi ƙara, lambar kayan ta faɗo kan allo. Tare da ita aka kawo sabuwar doka: babu kwalin da zai fita sai dushet ta karanta shi. An ce kaya sun yi ta ɓacewa a wata tashar kamfanin, don haka aka gyara lojisiyel, tsarin da muke shigar da kaya a ordinater, yadda ko ka buga lambar da hannu, zai gane yatsun mutum ne, ya goge ta.

Da farko na so ta, don ta rage mini gardama da mutane. Na koyi halinta kamar yadda ake koyon halin sabuwar maƙwabciya. Ba ta son hasken rana ya faɗo kan takardar, sai na juya kwalin na yi masa inuwa da jikina. Ba ta son salatif mai ƙyalli a saman layukan. In takardar ta yamutse sai na miƙar da ita da farce. In ta yi ƙara amma ban ga komai a allo ba, na san ban danna cikin gurbin lambar ba ne, lambar ta tafi wani wuri ta ɓace. Wani lokaci kuma babu dalili, sai dai in zare igiyar in sake sokawa, in goge gilashinta da bakin mayafina.

Igiyar ce ta fara cinyewa daga gindi. Na gaya wa shef tun jan hasken yana ɗaukewa yana dawowa. Ya ce in naɗe ta da salatif. Na naɗe. Wata safiya, lokacin da zafi ya fara kankama, na latsa na sake latsawa, babu haske, babu ƙara. Shef ya kira Yamai, aka ce za a aiko da wata a motar gobe. Motar gobe ta zo babu komai. Ta jibi ma haka. Kaya suka fara taruwa, mutane suka fara zagina ta taga, don ni suke gani.

Sai shef ya ba wani direba saƙo ya sayo mana wata a Kamba, ƙetaren iyakar Najeriya. Ta zo sabuwa dal, babu ko takardar bayani a cikin ledarta. Na soka ta, ta yi haske, ta yi ƙara mai daɗi, har na yi hamdala. Da na ɗaga kai na dubi allo, babu lamba ko ɗaya. Waƙafi ne, da baka, da haruffa masu ƴar hula a ka, a jere kamar wanda ya kifa tafin hannu a kan kilabiye, maɓallan rubutun ordinater. Lojisiyel ya amsa da jan rubutu cewa babu kaya masu wannan lambar. Na gwada wani kwalin, haka. Na gwada buhu, haka.

Kamfanin yana da mutum ɗaya a Yamai mai kula da ordinatocin duk tashoshi. Na kira shi, ya ce in kashe in kunna. Na kashe na kunna. Na sake kira, ya ce yana kan hanya, zai neme ni. Daga nan salularsa ta koma ringin kawai.

A cikin wannan halin ne wani dattijo daga Tanda ya zo. Dogo ne siriri, da tsohuwar hular kaba, ƙafafunsa sun yi fari da busasshen taɓo. Hausarsa ta kasuwa ce, da nauyin Dendanci a bakinsa, yana ɗaukar kalmomi a hankali. Ya ce ɗiyarsa da ke aure a Yamai ta aiko masa da ƙarfen injin ban ruwa. Injin nasa tsoho ne, ya nemi ƙarfen a Gaya, ya nema a Malanbil, bai samu ba. Yana da garkar albasa da tattasai a bakin fadama, kuma tun da injin ya tsaya shi da matarsa ke ɗibar ruwa da bokiti.

Na duba, kwalinsa yana nan a kan shiryayye ta biyu, ƙarami, wanda bai fi tukunyar miya ba, an ɗaure shi da igiyar leda shuɗiya.

Na ce, "Baba, kayanka sun iso, amma na'urarmu ta lalace. Ka yi haƙuri zuwa gobe."

Ya leƙa ta cikin sandunan ya ce, "Ɗiyata, ba shi ne wancan ba? Mai shuɗiyar igiya? Ta ce mini shuɗiyar igiya ta sa."

"Shi ne, Baba."

"To miƙo mini."

Na yi masa bayanin layukan da jan hasken da dokar Yamai. Ya saurara har na gama, yana gyaɗa kai, sannan ya fito da takardar shaidarsa ya ajiye a bakin taga, ya ce, "Ga ni, ga sunana, ga kayana. Wa kuma ake jira?"

Na tashi na sami shef a biro, ofishinsa, yana shan shayi a gaban fanka. Na ce ya ba ni makulli in ba dattijon nan kayansa, ya dangwala yatsa a takarda, in na'ura ta gyaru sai mu shigar. Ya ce kwalin da ya fita ba tare da dushet ba, a Yamai sunansa kwalin da aka sace, kuma shi ba zai rasa aikinsa saboda albasar wani ba.

Dattijon ya koma Tanda. Washegari ya dawo, kuma ya ci gaba da dawowa. Wani lokaci a bayan kabu-kabu, wani lokaci a amalanken wani, wani lokaci da ƙafa, don na ga yadda yake zama a kan bencin waje yana matsa gwiwoyinsa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ƴan kasuwa suna dukan sandunan taga suna kirana da sunaye iri-iri, shi kuwa sai ya jira su gama, ya matso ya ce, "Ɗiyata, ta tashi?" kamar mai tambayar jikin majinyaci. In ce ba ta tashi ba. Ya tsaya ya dubi kwalin na ɗan lokaci, ya juya.

Ni kuwa babu abin da ban yi ba. Na canza wa sabuwar dushet ɗin ramin sokawa. Na ɗauke ta na kai biron shef na gwada a tasa ordinater ɗin, shirmen iri ɗaya. Na yi tunanin ko takardun ne suka ƙone da rana, na gwada ta a kan kwalbar lemo, nan ma waƙafi da baka. Na kai ta wajen mai gyaran salula a bakin kasuwa, ya juya ta, ya ce jabu ce, a mayar. Direban da ya sayo ta ya ce mai shagon Kamba ya rantse a gabansa ya gwada ta, lamba tsaf ta fito. Na tura wa mutumin Yamai hoton allon, alamar ta nuna ya gani, bai ce komai ba.

Ranar da abin ya tsaya mini a wuya, wani babban ɗan kasuwa ne ya zo da kansa, mai shagunan atamfa, da mota da yaransa. Dilolinsa sun cika rabin mangaza. Bai ko zo tagata ba, biro ya wuce. Ina jin shef yana waya da darektan kamfani, da muryar da ban taɓa jin ya yi da mu ba. Can sai ya fito ya ce in matsa, ya zauna a kujerata, ya buga wata lambar sirri da aka karanto masa daga Yamai, gurbin ya buɗe, ya shigar da lambobin dilolin da yatsunsa. Ashe akwai ƙofa. Aka buɗe mangaza aka yi ta lodi.

Dattijon Tanda yana zaune a benci yana kallo. Da aka zo fitar da dila ta ƙarshe, ɗaya daga cikin masu lodin ya ture ɗan kwalinsa gefe da gwiwar hannu don ya sami hanya.

Na ce, "Shef, tun da a buɗe yake, ga na Baban nan guda ɗaya tak."

Ya riga ya rufe. Ya ce lambar sau ɗaya take aiki. Na ce ya sake kira. Ya dube ni ya ce, "Malama, in na roƙi darekta a kan kowane mai garka, ranar da nake da babbar buƙata ba zai ɗaga wayata ba."

Dattijon ya taso ya zo taga. Ya ce, "Ɗiyata, na ga ta tashi."

Na ce, "Ba ta tashi ba, Baba."

"Amma an ba wancan."

Ya ce albasar da ke nesa da rijiya ta riga ta kwanta, matarsa kuma bayanta ya riƙe, ba ta iya ɗaga bokiti. Ba da ƙorafi ya faɗa ba, kamar dai yana ba ni labarin garinsu. Daga ranar bai sake zuwa ba na tsawon lokaci.

Mutumin Yamai ya kira ni da kansa wata ranar Litinin da hantsi, yana taunar wani abu. Ya ce yanzu ya duba hoton da kyau. Ya yi dariya, ya ce ai wannan ba lalacewa ba ce. Dushet kamar kilabiye take, bugawa take yi. Wadda muka sayo an saita ta ne a kan kilabiyen Ingilishi na Najeriya, na ordinater ɗinmu kuwa na Faransanci ne, inda maɓallan sama ke ba da alamomi maimakon lambobi. Ya ce in danna maɓallin manyan baƙi da ke gefen hagu, in bar ƴar fitilarsa a kunne, in gwada.

Na danna. Na ɗauki kwalbar lemon da ke kan teburina na haska. Lambobi suka fito a jere, tsaf.

Ya ce, "Kin gani? Abu mai sauƙi. Ban san ba ku san wannan ba a Gaya." Ya ce zai turo mini wani zanen layuka in buga a takarda in haska mata, ta koma Faransanci gaba ɗaya, kada in gwada a fuskar salula don irin wannan ba ta karanta gilashi. Ya kashe.

Na daɗe ina kallon ƴar fitilar nan. Maɓallin yana nan ƙarƙashin ɗan yatsana na hagu tun ranar farko. Hoton kuma yana cikin salularsa tun lokacin da albasar take tsaye.

Na aika wa dattijon saƙo ta bakin wani ɗan kabu-kabu mai zuwa Tanda. Bai zo ranar ba, sai da kasuwa ta zagayo. Ya rame, hular ta yi masa yawa. Shef ya buɗe mangaza da kansa, har da cewa, "Baba, an gode da haƙuri." Na ɗauko kwalin, na haska, ta yi ƙara, allon ya yi kore. Duka abin bai kai tsawon sallama da amsawa ba.

Ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. Ya garka?"

Ya ce tattasan ya ƙone duka. Albasa ya tsira da ƴan kunyoyin da ke bakin rijiya, na miyar gida. Ya ce in ya gyara injin zai ba wani haya, shi kuma zai ƙetara kogi ya yi ƙodago a gonakin mutanen Benin kafin damina. Ya sa kwalin a hammata, bai kwance igiyar ya duba ba, ya ce in gaida gida.

A rahoton da shef ya kai Yamai ta waya, ina jinsa ta bango, ya ce jinkirin ya faru ne saboda ma'aikaciyar taga ba ta iya na'urarta ba, amma yanzu an koya mata. Ba wanda ya ambaci igiyar da na yi ta magana a kanta. Dushet ɗin da aka yi mana alkawari daga Yamai ta iso bayan damina ta sauka, aka jefa ta a durowa.

Da yammacin ranar da ya karɓi kayan, wayar tasha ta yi ƙara, na ɗauka. Mace ce, ɗiyar dattijon. Ba ta nemi shef ba, ta ce wadda ke zama a taga take so. Ta ce ta san kamannina, babanta ya kwatanta mata ni, ya ce yarinya ce mai ladabi. Ta ce ladabina ya ci garkarsu. Ta ce da ta sani da ta ba kowane direban babbar mota ya jefa masa a bakin hanya. Ta yi ta magana, muryarta tana karyewa tana dawowa, ni kuma na maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, don layi ya kai har wajen ƴan kabu-kabu, kowa yana son kayansa. Ina haskawa, ina miƙawa, tana faɗa, har kuɗin wayarta ya ƙare.