Dokin Ƙofar Inna

Babanmu bai yarda da ƙusa ba, kuma duk unguwarmu ta Hindawiyya an san shi da wannan. Kafinta ne. A Sudan ya tashi, ya ƙetaro teku da Inna ina goye a bayanta, suka sauke farali, sai zama ya kama su a Jidda. A wancan zamani mutanenmu sandaƙa suke yi, ɗakin katakon akwati da gwangwani, a buga ƙusa ta ko'ina, kafin la'asar an shiga. Baba ya ce shi kam a'a. Ya ce ƙusa a garin nan ba ta daɗewa, gishirin teku zai cinye ta, katako ya saki.

Saboda haka muka daɗe a ɗakin aro yana tara itace. Bakin teku yake zuwa, inda ake farfasa tsofaffin jiragen ruwa, ya zaɓo saj, wani katako mai nauyi da gara ba ta iya masa. Ya sassaƙe shi da gizago, ya fafe rami a jikin wannan, ya fitar da harshe a bakin wancan, ya haɗa su, sannan ya huda ya cusa ƙusar itace da ya fiƙe da hannunsa. Maƙwabta su wuce su ce, "Ya Mu'allim, gida kake ginawa ko jirgi?" Ya ce musu in ya gama za su gani. Ni abin da na fi tunawa ƙamshin ɓawon katakon nan ne, da yadda yake maƙale mini a kitso, Inna ta yi ta faɗa tana tsincewa.

Ranar da aka ɗaga ginshiƙai mazan unguwa duk sun zo. Ana ta "yalla, yalla," ana salati, azara ta hau ta zauna a raminta da wata ƙara mai daɗi, ƙwas. Gida ya tsaya, ɗaki biyu da rumfa, taga tana kallon inda iskar teku ke fitowa. Inna ta shigo da kwanon abinci a ka, tana murna, sai ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa. Abincin ya tsira, babban yatsanta ne bai tsira ba.

Dokin ƙofar nan fa abin faɗa ne. Gungumen katako ne, ya kusa kaiwa rabin ƙwauri, shi ya riƙe ginshiƙan ƙofa biyu daga ƙasa. Tun daga ranar Inna ta sa shi gaba. "Malam, wannan abu naka zai kashe ni." Shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Gobe in sha Allahu zan rage shi." Aka haifi ƙanena, ya yi rarrafe, ya koyi haurawa, ya girma. Ni na yi aure na bar gidan. Goben Baba ba ta zo ba, kuma na tabbata da ya rage shi da su biyun sun rasa abin hira.

Daga baya yanar ido ta kama Inna. A hankali ta zo, har ta kai ba ta bambance fuskata da ta maƙwabciya sai mun yi magana. Amma wallahi in ka gan ta a cikin gidan nan ba za ka ce ba ta gani ba. Hannunta ya san kowane ginshiƙi. Akwai wani wuri a ginshiƙin ƙofa na dama wanda tafinta ya goge har ya yi santsi, nan take dafawa ta juya zuwa madafi. Ita ke girki, ita ke shara, ita ke shimfiɗa dardumarta ta fuskanci alƙibla, babu mai juya ta. In ka ce bari ka taimaka mata, ka sha zagi.

Sai maganar titi ta zo. Lokacin Jidda na ta buɗewa, katafila ta ko'ina, aka ce layinmu duka zai tashi. Baba ya samu fili can kudu wajen Khumra, inda a lokacin babu komai sai yashi da 'yan rumfunan ajiye kaya. Ni na ɗauko Inna zuwa gidana kafin a san abin yi.

A gidana na ga abin da ya tsorata ni. Matar da ba ta zama, ta zauna a kusurwa ɗaya kamar an ajiye kaya. In za ta kewaya sai na riƙe hannunta, tana tafe tana jin kunyata, ni da ta haifa. Ta bar cin abinci, sai ɗan shayi. Wata rana na ji tana cewa, ba da ni take ba, "Halas, ni kam na gama." Na san irin mutanenmu, in tsohuwa ta fara wannan magana ba ta daɗewa. Na tafi wajen Baba ina kuka ina masifa, na ce ya bar wannan tsohon katako ya sa a yi mata ɗakin bulo da wuri, ko ta samu inda za ta kwanta.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ɗakin bulo, wa zai nuna mata hanya a ciki?"

Ashe ya riga ya fara kwance gidan. Da na duba, kowane katako ya yi masa alama da bakin gizago, wannan abokin wancan. Yana bugun ƙusoshin itacen nan ta baya suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu ƙalau, yana zubawa a tsohon buhu. Maƙwabtan da suka yi masa dariya suna ɓamɓare nasu da ƙarfe, katako na tsagewa, amma babu wanda ya tsaya kallon wani, kowa ta kansa yake yi. Su ne ma suka kama masa aka loda wa mota.

A Khumra rigima ta tashi tsakaninsa da ƙanena. Shi ƙanen nawa a lokacin ya zama magidanci, yana tuƙin babbar mota, rabin maganarsa Larabci. Ya zo da niyyar alheri, ya kawo fenti da abin goge katako, wai zai mayar wa Inna da gida sabo fil. Ya ɗora hannu kan ginshiƙin dama zai kankare, Baba ya daka masa tsawar da ban taɓa ji ba. Sai ya koma kan dokin ƙofa. Ya ce, "Ya Baba, haram! Mace ba ta gani, ka mayar mata da wannan? Kullum fa kuka take da shi." Ni ma a nan na goyi bayansa, na ce ga zarto ga dama ta samu, a rage shi kowa ya huta. Baba ya zauna a kan gungumen, ya harɗe ƙafa, ya ce duk mai son yanka shi sai ya fara da shi. Tsoho mai taurin kai! Haka muka bar shi, ya auna inda rana ke fitowa, ya juya gidan yadda yake a da, taga ta koma wa iskar teku.

Da hantsi muka kawo ta. Ta rame, mayafinta har ya yi mata yawa. Na riƙe ta daga mota, ina ta shirin in ce mata ta ɗaga ƙafa, Baba ya yi mini alama da ido in yi shiru. Muka iso bakin ƙofa, ta miƙa hannu kamar mai lalube, tafinta ya sauka daidai wurin nan mai santsi. Ta tsaya. Ta shafa shi, ta sake shafawa. Sai kawai na ga ƙafarta ta tashi da kanta, ta haura dokin ƙofar ko taɓa shi ba ta yi ba, ta zare hannunta daga nawa.

Ta yi 'yan taku a ciki, ta juyo wajen da take jin numfashin Baba.

"Malam, yanzu duk gidan nan ka kwance shi, ka kwaso shi tun daga Hindawiyya, amma wannan abu ka kasa rage shi?"

Baba ya juya fuska ga bango, yana goge ido da hannun riga. Ya ce, "Gobe in sha Allahu, uwar yara."

Inna ta yi tsaki, ta dafa ginshiƙi ta juya zuwa madafi, tana tambaya wa ya taɓa mata tukwane, kuma me ya sa har yanzu ba a hura wuta ba alhali ita yunwa take ji.