Sunan da Ake Jira Kafin Amin

Abin da zan rubuta a nan na samo shi ne daga bakin mutum uku, sai kuma abin da na gani da idona. Ta farko mahaifiyata ce. Na biyu wani dattijon ikkilisiyarmu ne, tsohon ma'aikacin asibiti, wanda ya zauna a taron da aka yanke shawarar da zan ambata. Na uku direban motar haya ne da ke jigila tsakanin Gagarawa da Gumel, Musulmi, kuma shi kaɗai ne bai taɓa sauya maganarsa ba duk lokacin da na koma na sake tambayarsa. Ban sami komai a rubuce ba, domin mahaifina, wanda labarin ya shafa, bai saba rubuta irin wannan ba.

Shekarar da abin ya faru ma ba zan rantse a kanta ba. Na san ina aji biyu a jami'a, ina zaune a gida saboda yajin aikin malamai. Mahaifiyata ta ce a lokacin gero bai fitar da kai ba. Dattijon ya ce an riga an fara girbi. Ni abin da nake tunawa shi ne ƙasa a jiƙe take, har ƙafafun bencin da aka jera a waje sun nutse. Inda shaiduna suka saɓa zan faɗa. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

Mahaifina fasto ne na wata ƙaramar majami'a a gefen garin Gumel. Lokacin da aka kawo shi, gidaje kaɗan ya tarar: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan sanda, da masu ɗan kasuwanci, yawancinsu daga Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai. Wasu a Maigatari suke zaune, wasu a Sule Tankarkar, wasu a Gagarawa, kuma kowace Lahadi sukan hau mota ko babur su zo sujada. Ganin nisan da suke yi, sai ya ɗauki wata al'ada. A addu'ar rufewa yakan kira sunan kowane mutum ɗaya bayan ɗaya, da ka, ba takarda. Ba ya ƙara komai a kan sunan. Yakan fara da na cikin Gumel, ya nufi Maigatari, ya zagayo Sule Tankarkar, ya ƙare da Gagarawa.

Sunan ƙarshe kullum na wata tsohuwa ne da ke zaune a Gagarawa Tasha. Kowa Iya yake ce mata. An ce mijinta aikin jirgin ƙasa ya kawo shi, ya rasu a can, ita kuma ta ƙi komawa gida, ta ci gaba da suyar ƙosai a bakin hanya. Tana da suna na yaren garinsu, mai ɗan wuyar faɗi, wanda mahaifina ya zauna ya koya daga bakinta har ya iya. Ta taɓa gaya wa mahaifiyata cewa tun da aka binne mijinta, a wuri ɗaya kaɗai take jin wannan suna, wato ranar Lahadi a bakin Fasto. Mu kuma da muka taso a majami'ar mun san idan aka ji shi, addu'a ta ƙare. Yara sukan fara laluben takalmansu, mata su gyara goyo, sai mahaifina ya ce, "A cikin sunan Yesu," kowa ya ce Amin.

Sannu a hankali jama'a ta ƙaru. Harkar kan iyaka ta kawo ma'aikatan kwastan da kanikawan manyan motoci, aka turo sababbin malamai, ga matasa masu yi wa ƙasa hidima suna zuwa suna tafiya. Ɗaki ya cika, aka kafa rumfar kwano a waje, ita ma ta cika. Addu'ar rufewa ta yi tsawo har ta fi wa'azi. Na ji da kunnena wani ma'aikacin kwastan yana ce wa mahaifina a bakin ƙofa, "Baba Fasto, kafin addu'arka ta iso Gagarawa, ni da ƙafa na kai Maigatari na sha ruwa." Mahaifina ya yi dariya ya ce, "To ka riƙa gaishe min da su, ka ce ina tafe."

Daga baya dattawa suka zauna. Aka yanke cewa za a buɗe ɗakunan addu'a a garuruwan nan uku, kowanne da mai bisharar da zai kula da shi, mahaifina kuma ya riƙa zagayawa yana ba da Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu. Dattijon ya ce a taron ne mahaifina ya yi alkawari da bakinsa: duk garin da aka buɗe wa ɗaki, zai miƙa sunayen mutanensa ga mai bisharar, ya daina kiransu a Gumel, don kada zuciyarsu ta rabu biyu. Maigatari ta tsaya da ƙafarta nan da nan, Sule Tankarkar ta biyo baya. Gagarawa ce ta ƙi kama ƙasa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai bisharar da aka tura can matashi ne, bai daɗe da gama makarantar Littafi Mai Tsarki ba, Hausarsa ma ba ta nuna ba. Matan ikkilisiya na garin kuwa Iya suke kallo. Ɗakin addu'ar bai fi jifa biyu daga ƙofarta ba, amma kowace Lahadi sai ta ɗaura zanenta na zumuntar mata, ta wuce shi, ta shiga motar Gumel. Da suka ga haka, wasu suka bi ta, wasu suka zauna a gida. Matashin yakan yi wa'azi ga benci da 'yan yara. Aka fara maganar a rufe wurin.

Mahaifina ya je wurinta a kan babur, na kuwa raka shi, don haka wannan ba ji na yi ba. Muka same ta tana tsame ƙosai. Bayan an gaisa, an tambayi gajiya da ruwa, ya ce, "Iya, yaron nan da na aiko muku maraya ne a garin nan. Ba shi da uwa sai ke."

Ta ce, "Ni na haife shi?"

"Ni ma ai ba ke kika haife ni ba."

"Kai ka iya sunana. Wancan da ya gwada, sai da na waiga in ga ko akuyar wa ake kira."

Mahaifina ya ce yaron zai koya, kamar yadda shi ma ya koya. Ta zuba mana ƙosai a takarda, ta barbaɗa yaji, ta ce, "Ɗana, ci ka bar wa'azi, yau ba Lahadi ba ce. In ka gaji da ganina ka faɗa." Ya ce Allah ya kiyaye. A hanyar dawowa da muka hango Gumel, sai ya ce mini, "'Yata, kiwo da wuya." Ban tambaye shi me yake nufi ba.

Makonni suka wuce yana cika alkawarinsa rabi da rabi. Ya daina kiran sunayen mutanen Gagarawa duka, ban da nata. Daga Gumel sai ya tsallaka kai tsaye zuwa gare ta, a ce Amin.

Ranar da nake magana a kai, ina zaune cikin mawaƙa, ina fuskantar jama'a. Iya tana wurinta na kullum, kusa da taga ta ɓangaren mata. Mahaifina ya kira sunayen Gumel har ya kai na ƙarshe, wani jariri da aka raɗa wa suna a watan. Ya ɗan tsaya. Sai ya ce, "A cikin sunan Yesu."

Babu wanda ya amsa. Ba taurin kai ba ne, kuma ba shiri aka yi ba. Kunnuwanmu ne ba su ji abin da suka saba jira ba, bakinmu kuma bai san hanyar zuwa Amin ba tare da shi ba. Majami'a cike, rumfa cike, kowa kansa a sunkuye, ana jira. Na buɗe ido na ga mahaifina tsaye, idonsa a rufe, hannunsa a kan bagade. Ba zan ce ga tsawon shirun ba, don na lura duk wanda na tambaya ƙara shi yake yi. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne wadda ta katse shi. Daga wajen taga murya ɗaya ta ce, "Amin," a fili, ba rawa. Iya ce. Sannan sauran muka bi.

Ta gaisa da mahaifina a bakin ƙofa kamar kullum, ta tambayi jikinsa, ta tafi. Abin da ya faru a mota daga direban na ji. Ya ce ya saba tsokanarta, a ranar ma ya ce, "Iya, an gano ɗan naki? Ya ba ki tsaraba ko sai albarka?" Ya ce sai da suka yi nisa, tana kallon gonaki, ta ce, "Malam, yau an yaye ni." Ya ce mata ai yaye ba ƙiyayya ba ne, uwa ma kuka take yi a ɗaki. Ta ce, "Kai dai kalli hanya, kada ka zubar da mu." Da za ta sauka ta ce kada ya jira ta Lahadi mai zuwa.

Bai jira ta ba, ba ta kuma zo ba. Mai bisharar ya iske ta tun da safe ta share ɗakin addu'a, ta yayyafa ruwa, tana zaune a benci na gaba. Matan suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Direban ya ce shi ne ya yi asarar fasinja, amma takan aiko masa da ƙosai ranar kasuwa. Duk lokacin da mahaifina ya je ba da Jibin Ubangiji, ita take tarbarsa, su yi barkwancinsu kamar da. Mahaifiyata ta tabbatar mini cewa har Iya ta rasu, ba ta taɓa ɗaga maganar ba, shi ma bai ɗaga ba. A Gagarawa aka binne ta, mai bisharar ne ya yi addu'a, kuma waɗanda suka san yaren sun ce ya faɗi sunan daidai. Ɗakin addu'ar nan yanzu majami'a ce mai rumfarta.

A nan ne shaiduna suka rabu. Dattijon ba ya shakka cewa da gangan mahaifina ya yi. Hujjarsa alkawarin taro, da ɗan tsayawar da ya yi kafin ya rufe. Ya ce, "Mutumin da ya manta ba ya tsayawa, wucewa yake yi." Mahaifiyata kuwa ta ce mantuwa ce. Ta ce zazzaɓi ya kwantar da shi a makon, ga sababbin iyalai da yake ta haddace sunayensu, kuma tsayawar ta mai laluben abin da ya ɓace masa ce. Ta ce da ya dawo gida bai taɓa abinci ba, ya zauna a ƙarƙashin dalbejiya har la'asar. Na gaya wa dattijon wannan, ya ce, "To, wanda ya yanka abin da yake ƙauna, abinci zai ci?" Na mayar wa mahaifiyata, ta ce ita ta zauna da mutumin nan, ba dattijo ba, kuma mijinta ba zai iya kunyata tsohuwa a gaban jama'a da saninsa ba.

Mahaifina yana raye. Ya yi ritaya bayan wata rashin lafiya da ta taɓa masa tunani, muna zaune da shi a Gumel. Wani lokaci yakan kira ni da sunan ƙanwarsa. Na tambaye shi sau ɗaya, da safe, a ranar da na ga hankalinsa a kwance. Ya kalle ni ya ce, "Ta ce Amin, ko?" Na ce ta ce. Ya ce, "To." Na jira ƙari, sai ya tambaye ni ko an ba kaji ruwa.

Har yanzu yakan yi mana addu'ar safe. Sunaye da yawa sun zube masa, yakan haɗa na Maigatari da na Sule Tankarkar, amma kullum da nata yake rufewa, kuma bai taɓa kuskuren faɗinsa ba. Mahaifiyata ta taɓa tuna masa a hankali cewa Iya ta riga mu gidan gaskiya, mu kuma ba mu saba yi wa matattu roƙo ba. Ya ce, "Ba roƙo nake yi ba. Godiya ce."

Na auna wannan ta kowane gefe. Idan sunan bai ɓace masa ba yanzu da kusan komai ya ɓace, da wuya a ce ya ɓace masa a lokacin da yake da ƙarfinsa. Amma kuma zai yiwu mantuwar rana ɗaya ce ta kafe shi a zuciyarsa har ya kasa sake shi. Ba na so in rubuta wa mahaifina hikimar da ba tasa ba, ba na kuma so in raba shi da wadda ta zama tasa, musamman idan da zafin zuciya ya saye ta. Abin da ban sani ba, kuma babu wanda ya rage da zai gaya mini, shi ne wannan: ranar nan mahaifina mantawa ya yi da sunan Iya, ko kuwa yana kan harshensa ya haɗiye?