Ranar da aka ce mana bare

Muna tsugune a ƙofar gidan maigari, ni da Baba, ga hadari yana haɗuwa. Ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonakinmu na Maradun, shi ne muka zo wani ƙauyen Bakura neman aron gona. Matata kuma tana da tsohon ciki.

Sai wani dattijo ya ce, "Wa'anga bare na, kada a ba su."

In maigari ya bi maganarsa, bana babu shuka.

Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, baƙo raɓa na, shi sha ruwa shi koma gida. Bare kuwa shi na wanda aka hana shiga dangi. Mu gidanmu na ƙarƙashin ruwa. Ina za mu koma?"

Sai maigari ya ba mu aron gona na damina ɗaya.

Har yau jikokina ke noman gonar, amma duk bazara sai na yi fargabar a aiko a ce mu tashi.

A garinku, damina nawa mutum ke yi kafin ya zama ɗan gari?