Tasbahar Malam Babba

Jiya a gidanmu na Gidan Igwai Baffa ya fizge wayata, wai sai na goge bidiyon.

Akwai hoton kakanshi a falo, da ƙaton rawani da tasbaha har gwiwa. Tun muna yara "Malam Babba" aka ce muna, kuma duk wanda ya zo neman aure sai Baffa ya nuna mashi.

To, sai na ci karo da wani tsohon fim marar sauti da Bature ya ɗauka a kasuwar Sakkwato farkon mulkin Turawa. Ga Malam Babba da rawaninshi, shina jan tasbaha shina gyaɗa kai. Can sai ya cizge ƙwaya guda ya tauna, mutane na faɗuwa don dariya.

Na kai ma Inna, autarshi, wadda ta haifi Baffa.

Ta ce, "Wanga ai Baba ne. Ɗan kama ne, ba mutane dariya ce sana'arshi. Tasbahar ma ta aya ce."

Baffa ya ce, "Inna, don mi ba ki taɓa faɗi ba?"

"Wa yat tambaye ni? Rawani kunka gani."

Yanzu damuwar Baffa kada surukai su gani. Haba don Allah. Mutum ya ba gari dariya lokacin da aka ci shi da yaƙi, shi za mu ɓoye?

Inna ta kalla sau bakwai tana share hawaye. Rabonta da ganin ubanta tun tana yarinya.

Ban goge ba. Ku da ku ne, za ku goge?