Harsashin Baba Audu

Har gobe ban manta da ranar da Baba Audu ya shigo warsharmu, wato shagon aikinmu, da hannu a rataye ba. A tsakiyar shekarun 1960 ne, bayan alhazai sun watse, lokacin ina aiki a ƙarƙashin Mu'allim Salihu a unguwar Mansur ta Makka. Gyaran bindigogin farauta muke yi wa masu takardar izini, muna kuma sake cika harsashi. Ga wanda bai sani ba, idan an yi harbi kwanson tagulla yana saura. Shi ake gogewa, a sa masa sabuwar hula mai tada wuta a gindi, a auna albarushi a zuba, a dasa dalma a baki. Ni maƙeri ne tun daga gida, amma sikelin albarushi Mu'allim kaɗai ke taɓa shi. Allah kuwa ya yi ni da tambaya, har ya laƙaba mini Abu Laish, wato uban "don me".

Baba Audu Bagobiri ne, maharbi tun zamanin kwari da baka. Bindigarsa ce ta shure shi ta gurɗe masa kafaɗa, ɗansa Usman direba kuma ya ce in ta sake, zai karɓe ta har abada.

"Salihu," in ji tsohon, "yaron ga so shikai ya maishe ni mai gadin zaure. Ka rage mata zahi."

"Tayyib, ya ammi," in ji Mu'allim da Larabci, wato "to, baffa". "Amma ka san ba a banza take shurin ba."

Suna fita na tsare Mu'allim da tambaya. Ya ce wutar da ke tura dalma gaba ita ce ke tura gindin bindiga baya, ba a rage ɗaya a bar ɗaya. Kuma ba a ragewa da ka: in aka wuce ƙa'ida dalma na iya maƙalewa a cikin bututu, harbi na gaba ya fasa bindigar. Sai ya yi ta ragewa kaɗan-kaɗan, muna fita bayan gari muna gwadawa a kan katako. Kafaɗata ce ma'auni, kuma ta ji jiki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a kusa dalmar tana huda katakon ta wuce, a nesa kuwa sai ta cije ta tsaya. Da tsohon ya warke, Mu'allim ya nuna masa katakan biyu, ya ce, "In ba ka ga idon barewa ba, kada ka harba."

Ranar farauta Mu'allim ya haɗa ni da su don in ga yadda harsashin zai yi. Muka bi ta Ka'akiyya a motar Usman, muka wuce fararen ginshiƙan da ke nuna iyakar Harami. A cikin iyakar nan ba a farauta, ko firgita dabba ba a yi. Bayan mun fita, ba mu yi nisa da ginshiƙan ba muka hangi barewa ɗaya tana kiwo.

Baba Audu ya sauka ya fara rarrafe, ni ina bayansa. Na ga gwaninta, amma gwiwar tsufa ba ta ɓoyuwa. Tun bai kai inda ake so ba barewar ta ɗaga kai. Sabo turken wawa: hannun da ya saba harbi daga nesa bai jira shawara ba, sai ji na yi tau! Ta faɗi. Tsohon ya miƙe yana juya kafaɗa yana dariya, yana kiran Usman ya zo ya gani.

Sai barewar ta tashi. Tana jan ƙafar baya ta miƙe ta nufi wajen Makka, muna binta da gudu, har ta shige tsakanin ginshiƙai. Kaɗan ta ƙara ta kwanta a ƙarƙashin wata ƙaya. Yanzu kam muna ganin idonta sarai.

"Yaba, bari in zagaya da mota in koro ta waje," in ji Usman ga mahaifinsa.

"A'a. Ta shiga gidan da ba a koro kowa."

Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "To Baba, yanka ta ba shi ne tausayi ba?"

Tsohon ya zauna a kan dutse daga wajen iyaka, bindiga a cinya, muka zauna tare da shi har rana ta take. Ban taɓa jin nauyin zuciya a wurin aiki irin na wannan zama ba. Can ta yunƙura ta ɗingisa ta ƙara shigewa ciki, har duwatsu suka rufe ta.

Tsohon ya zare sauran harsashin ya ba ni, ya miƙa wa Usman bindigar.

"Yaba, ai kafaɗarka lafiya lau."

"Lahiya lau. Riƙe dai. Ba kai ka amshe ba, ni na ba ka."

Na kai tambayata wurin malamai daga baya, kowa da abin da ya faɗa mini, barewar kuwa ban san ƙarshenta ba. Abin da na koya shi ne, mu masu wannan sana'a muna iya auna albarushi daidai, amma halin mai riƙe bindigar ba ya hawa sikeli. Shi ya sa kuke ganin ina tsare mai kawo aiki da tambayoyi har ya gaji. Duk sauƙin da muka yi wa kafaɗar mutum, in bai iya matsawa kusa ba, dabbar ce ke biya.